Kurar Chande Ta Yi Wanka

Ƙanin mijina Chande ya yi faɗa da mutane da yawa a garin nan na Dar es Salaam, amma babu inda ya sha ƙasa kamar ranar jakin dawa. Ina cikin motar, don haka kada wani ya ce Havijawa ta ƙara gishiri.

Daga Mbagala muka hau daladala, wato bas ɗin haya, motar ta cika maƙil, har kwandasta rabin jikinsa na waje yana shan iska. Chande ya rungumo allon da ya zana jakin dawa a kai, fenti ko daskarewa bai yi ba. Tun a gida na ce masa, da sunan da matar wa da ƙanin miji ke kiran juna a nan, "Shemeji, bar abin nan ya ga rana." Ya ce Baturen da ya sa shi aikin da yamma jirginsa zai tashi. Muna isa Mtoni direba ya taka burki, wata mata mai jiki, irin waɗanda Allah bai yi wa rowar mazaunai ba, ta tafi luu da baya ta jingina da allon. Da ta ɗago, allon ya koma kamar an goge shi da tsumma. Jaki kuwa ga shi can shimfiɗe a bayan zaninta, fari da baƙi, har da jela.

"Baiwar Allah, jakina!" in ji Chande.

"Wane jaki kuma a cikin mota?"

"Ga shi nan kin goya shi!"

Ta murɗa wuya ta leƙa, ta ƙwala ihu. Sabon zani ne, ranar ta fara ɗaura shi, biki ma za ta. Ta ce sai ya biya ta zani, ya ce sai ta biya shi jaki. Mota ta rabu biyu, direba ya faka a gefen titi don kada labari ya wuce shi. Can wani dattijo a kujerar baya ya gyara hula ya yi gyaran murya.

"A garinmu," in ji shi, "dabba in ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, mai ita ke biya."

"Yauwa!" in ji matar.

"To a ba ni dabbata!" in ji Chande.

"Ban gama ba, ɗana. In kuma ta ƙi fita daga gonar, ta zama ta mai gona. Kira ta mu gani, ko za ta fito."

Kwandasta ya dinga dukan rufin mota don dariya. Haka muka sauka Kariakoo, Chande ya saya mata sabon zani, ita kuma ta wuce da jakinsa a baya, duk takun da ta yi sai ya kaɗa mana jela.

Wannan shi ne Chande, mutumin da ba ya iya barin fenti ya huta, shi ma fenti bai bar shi ya huta ba.

Bai kai ashirin ba ya iso daga ƙauyensu na wajen Tunduru, buhu ɗaya a ka, ƙafa duk faso. Mijina Ausi, Allah ya jiƙansa, shi ne yayansa, kuma lokacin ya riga ya yi suna a rumfar masu zane ta Msasani. Aikinsu kowa ya san shi: a yanko katakon silin mai kusurwa huɗu, a sami fentin keke mai ƙyalli, a zana dabba ɗaya mai manyan idanu kamar an kama ta tana sata. Ni kuma a bayan rumfar nake da tukwanena, ugali, wato tuwon masara, da ƙananan kifi, shinkafar kwakwa da wake, shayi da mandazi, irin fanken nan, da safe. Duk hannun da ya riƙe buroshi a wurin nan ya riƙe kwanona, don haka babu wanda zai buɗe mini ido.

Mai koyo a rumfarmu da shimfiɗa yake farawa, wato kalar bayan zane. In ya daɗe sai a ba shi ɗige-ɗigen zabuwa, daga nan ganye, daga nan jela. Ko ya kai ga zana dabba sukutum, sunan maigidansa yake sawa a ƙasa, don sunan maigida ne ke sayarwa. Ba wanda ke kiran wannan cuta, ai ɗa ma gonar ubansa yake nomawa. Haka Chande ya yi shekaru yana zane yana rubuta Ausi, har hannunsa ya fi na Ausin iya rubuta sunan.

Giwa ya san ta, don giwaye sun cinye wa ubansu rogo ba sau ɗaya ba, shi ya sa duk giwar da ya zana fuskar ɓarawo gare ta. Raƙumin dawa kuwa bai taɓa ganinsa ba sai a jikin takardar shilin, amma ya zana shi ya fi gashin kansa yawa, kuma yanzu da sanƙo ya zo maganar ta ƙara zama gaskiya.

Akwai wata al'ada tamu da ake ce wa wanke fuska. Zanen da ya kwana biyu a rataye bai sami mai saye ba, iskar teku ta dusashe shi, sai a sauke shi a wanke da ruwan sabulu, a bi shi da sabon fenti, duk inda aka ga fili a sa tsuntsu ko ganye. Fili a jikin allo lalaci ne, dusashewa kuma ƙazanta. Ba a miƙa wa mutum zane mai dattin fuska, kamar yadda ba a kai amarya ba wanka. To a wannan fanni Chande ba shi da na biyu. Ya wanke fuskar nasa, ya wanke ta maƙwabta, ya taɓa yi wa murafan tukwanena ɗawisu ban sa shi ba. Matarsa Asumini ta ce ita ba ta daɗewa a zaune wuri ɗaya, tsoro take kada ta tashi da ɗige-ɗigen zabuwa.

Daga bayan tukwanen nan na kalli kasuwar zane tana juyi, kuma na gane halin mai ciki gare ta, yau kwaɗayin tsami, gobe ko warinsa ba ta so. Da farko Turawa masu silifa da gajeren wando ne, ma'aikatan agaji, su ɗauki allo a hammata su tafi. Sai aka zo zamanin masu akwati, suka ce katako nauyi, aka koma zane a kan yadi mai kauri da za a naɗe kamar tabarma. Japanawa suka zo suna son tsuntsaye ƙanana bila adadin, har idon mazan rumfa ya kusa tsiyayewa. 'Yan Italiya suka ce su dogayen makiyayan nan Masai suke so, sirara kamar tsinken tsire. Ana cikin haka sai ga irin zanenmu inji ya bugo shi daga ƙetare, ana sayarwa a filin jirgi arha kamar ƙosai. Shekarar annoba kuwa ko ƙeyar baƙo ba mu gani ba, manyan masu zane suka koma rubuta allon aski da na mai gyaran waya.

Da duniya ta sake buɗewa sai masu sayen suka canza launi. Baƙaƙe ne irinmu, daga Legas, daga Nairobi, daga Johannesburg, turare na tashi, kuma rabinsu ba sa ma zuwa, ta waya suke kallo su saya. Kibwana, abokin hamayyar Chande a rumfa, shi ke kawo mana labarin. Ya ce yanzu gwanjo ake yi ɗaki babu kowa, mutum na Landan, wani na Dubai, farashi na tsalle a fuskar waya shi kaɗai kamar mai aljanu. Ya ce yaran yanzu da ke zana manyan fuskokin baƙaƙe cikin tufafi masu launi, kafin fenti ya bushe an saye. Har ya ce akwai wanda ya sayi zanen da babu shi ko'ina a duniya sai a cikin waya.

Na ce, "Kibwana, wannan ai ko mai sayen kifi a ruwa ya fi shi, shi ya san akwai ruwan."

Shi Kibwana an taɓa kai shi baje-koli Japan sau ɗaya. Ya dawo da rigar sanyi da ɗabi'ar rusunawa, a zafin garin nan yake sa rigar, kuma ko mandazi na miƙa masa sai ya rusuna. Abin da ke cin Chande ke nan. Tun rasuwar Ausi yake sa sunan kansa, amma a kan yadin 'yan yawon buɗe ido, wanda ƙarshensa ɗakin girki ko barandar otal. Wata Bajamushiya ma ta aiko masa da hoto cikin murna, ga giwayensa a rataye a banɗakinta, daidai saman wurin zama. Tun ranar Kibwana ya raɗa masa Sarkin Banɗaki.

Abu ɗaya Chande ke so kafin ya mutu, kuma kowa a rumfa ya sani, don ya faɗa har mun haddace: zanensa a farin bango, sunansa a gefe, shi kuma yana tsaye mutane na zuwa suna gaishe shi.

Rannan da azahar wata 'yar Kenya ta shigo rumfa. Siririya, kai a aske ƙwal, tabarau rabin fuska, 'yan kunne kamar murfin butar shayi. Sunanta Nyokabi, dillaliya ce a wani gidan gwanjon zane na Nairobi. Ta ce tsofaffin alluna take nema, na zamanin farko. Maza suka yi caa a kanta kowa da nasa, sababbi fil suna ƙyalli, ta dube su ɗaya bayan ɗaya tana murmushin da likita ke yi wa mai ciwon da ba ya kisa. Da yunwa ta kama ta sai ta zagayo wurina.

"Mama, akwai shinkafa?"

"Akwai, 'yata. Ke kam har da ƙari, kada iskar teku ta mayar da ke Kenya ba tikiti. Ga durom can, wanke hannu."

Ta je bayan durom, na ji shiru. Na leƙa, sai na gan ta durƙushe a cikin caɓi da farin wandonta, tana kallon bango. Na ɗauka kunama ce.

Akwai wata ɓula a bangon rumfata da na toshe da wani tsohon allo tun ina da ƙugu. Kura ce a jiki, zanen da Chande ya fara yi shi kaɗai daga kai har jela. Ƙafafunta na baya kamar karyayyar kujera, ido ɗaya ya fi ɗaya. Ranar da ya gama ta Ausi ya kalla ya ce, "Sunana ba zai hau wannan ba. Sa naka, kunyar ta bi ka." Shi ya sa a duk allunan wancan zamani ita kaɗai ce mai sunan Chande. Ba wanda ya saya, ni kuma ɓera na shigo mini. Hayaƙi ya sha ta, damina ta sha ta, kyankyasai sun yi jikoki a bayanta.

"Mama," in ji Nyokabi, "wannan Chanden, iyalansa na nan?"

"Iyalansa? Shi kansa yana nan, ga shi can yana sakacen 'yan haƙoran da suka rage masa."

Aka kira shi, ya zo yana goge hannu a wando.

"Baba, kai ne Chande?"

"In ba wani laifi aka yi ba, ni ne."

Ta zaunar da shi ta yi masa bayani, mu kuma duk muka kewaye kamar ana rabon gado. Ta ce allunan farko yanzu su duniya ke nema, kuma sun ƙare, wasu gara ta ci, wasu suna gidajen Turawan da suka mutu. Samun guda ɗaya sa'a ce. Samun wanda mai shi ke raye, da sunansa a jiki, wannan ita ba ta taɓa ji ba. Za a kai shi Nairobi a rataye a bango mutane su yi ta kallo, sannan a yi gwanjo, masu taya suna kan waya daga Landan da Legas. Shi kuma za a saka shi a jirgi ya je ya tsaya a gefensa.

"Bangon," in ji Chande, "wane launi ne?"

"Fari ne, Baba."

Ya waiwaya ya kalli Kibwana. Kibwana ya sunkuya yana neman wani abu a aljihun rigar sanyinsa.

Aka ciro allon a hankali, ita da kanta ta riƙe shi kamar jinjiri. Ta ce mako mai zuwa za ta dawo da masu yi masa akwati. "Amma Baba, don Allah kada a taɓa shi. Ko ƙura kada a kaɗe. Haka nake son sa."

"Ba komai, 'yata. Allah ya kiyaye hanya."

Ai kuwa ƙafar Chande ta daina taɓa ƙasa. Ya je aka aske masa ɗan gashin da ya rage. Ya aro kwat wurin wani surukinsa dogo, hannun rigar ya haɗiye yatsunsa. Yana cin ugali yana koyon yadda zai gaisa da manya, ya miƙa wa iska hannu, ya ce "madalla, madalla." Ya tambayi Kibwana ko a jirgi ana buɗe taga in mutum zai tofar da yawu. Asumini ta rubuto tsarabar da take so da baki, tun daga takalmi har injin markaɗe. Ni ma na ce a kawo mini ganyen shayin Kenya da miji mai mota, in babu mijin a kawo motar.

Washegari na gan shi ya jingina allon da bishiya yana kallo yana girgiza kai.

"Shemeji," in ji shi, "yarinyar nan tana da tarbiyya. Kin ji yadda ta ce kada in wahalar da kaina?"

"Cewa ta yi kada ka taɓa."

"Ai haka baƙo ke cewa. Baƙo ya ce kada a yanka masa kaza, kin taɓa ganin gidan mutunci da aka ba shi ruwa zalla?"

"Shemeji, wannan baƙuwar da gaske take. Na ga idonta."

"Kin ga tabarau dai."

Abin da zai ba ku mamaki, rumfa gaba ɗaya bayansa ta bi. Kibwana ma, kuma wallahi ba da mugunta ba. Ya ce, "A kai wannan Nairobi haka? Da kashin kyankyaso? 'Yan Kenya da ma neman abin da za su yi mana dariya suke. Za su ce 'yan Tanzaniya ko sabulu ba su da shi." Wani ya ba da sabon buroshi, shi Kibwana ya ba da gwangwanin jan fenti da bai taɓa buɗewa ba. Mutuncin ƙasa ne ya taso. Ni na faɗi nawa na koma kan wakena, don namiji in ya riƙe buroshi kunnensa ado ne.

Ya wanke ta da ruwan sabulu, ruwan ya fito baƙi kamar shayin da ba madara. Ya yi mata sabuwar shimfiɗa ta faɗuwar rana, ja yana narkewa cikin ruwan ɗorawa. Ya zauna kan ƙafafun nan na baya yini guda, harshe a waje, har suka tsaya daidai kamar na kurar Allah. Ya daidaita idanu. Ya ga fili a sama ya sa tsuntsaye, ya ga fili a ƙasa ya sa ciyawa da zabuwa biyu suna gulma. Sunan kuwa ya sake rubuta shi da fari, manya-manya, har da 'yar jela a harafin ƙarshe. Maganar gaskiya, ta yi kyau. Tun da nake ban ga kura mai kyan wannan ba, in ka gan ta sai ka ba ta ajiyar akuya.

Ranar da Nyokabi ta dawo, da maza biyu masu katako da auduga, an share rumfa an yayyafa ruwa. An rufe allon da sabon zanin Asumini. Chande na cikin kwat, gumi na bin sanƙo. Kibwana ya rusuna mata. Aka ba ta kujera ta ce a'a, a nuna mata kayanta tukuna.

Chande ya yaye zanin da ƙarfi kamar mai dabo.

Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta sake cirewa. Ta ja da baya har ta ci karo da bokitina ta zauna a kai, Allah ya sa a kife yake.

"Baba, ina kurar?"

"Ga ta nan, 'yata. Wanka ta yi."

"Na ce kada a taɓa!"

"Kin ce, kuma mun gode da karamci. Ba sai kin biya kuɗin fenti ba."

"Mama, ba ni ruwa," in ji ta. Na ba ta, ta sha rabi ta zuba rabi a kai, abin ka da mai kai a aske, ko tsayawa bai yi ba.

Da ta sami numfashi ta yi magana, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta yi rashin kunya ba. Ta ce masu sayen nan tsufan suke saye. Tsagewar fentin, dusashewar, hayaƙin, hannun wancan lokacin da ba zai dawo ba. Da shi ake gane allon na gaske ne. Yanzu in ta kai wannan, za su ce jiya aka zana, kuma ba su yi ƙarya ba. Ta nuna rumfa da hannu ta ce ya zama ɗaya da duk waɗannan.

"Ɗaya?" in ji Chande. "Dubi ƙafar nan. Kibwana, in ka isa zana ƙafar nan!"

"Ni ba da ni ake ba," in ji Kibwana, wanda jan fentinsa ke jikin allon.

"To wai su mutanen naki," na ce mata, "datti suke saye? Ai da kin faɗa, ina da tukunyar da tun auren fari ban kankare gindinta ba."

"Mama, da wani mai suna ne ya ƙona ta, da na saya."

Ta koma gefe ta kira wani a waya, ta haska masa allon sama da ƙasa, suka yi ta magana. Ta dawo fuskarta ta ɗan saki. Ta ce akwai wani gwani a Nairobi da aikinsa ke nan. Tunda sabon fentin bai gama ƙanƙamewa ba, zai iya ɗaye shi a hankali da magani, tsohuwar kurar ta fito, ko ba duka ba mafi yawa. In Baba ya yarda, yau za a sa allon a akwati, maganar jirgi na nan, farin bango na nan.

Rumfa ta ɗauki sowa. Asumini ta rangaɗa guɗa, injin markaɗenta ya dawo. Chande kaɗai bai motsa ba.

"A bangon," in ji shi, "wace kurar za a rataya?"

"Ta da, Baba."

"Mai karyayyar ƙafa?"

"Ita suke so."

"Tsuntsayen fa?"

"Za su tafi."

"Sunan?"

"Tsohon na ƙasa zai fito."

"Wancan da na rubuta kamar kaza ta bi ta kan fenti? Ni kuma in tsaya a gefe da kwat ɗin mutane, manya su zo su kalli gurguwar kura su kalle ni, su ce tsohon nan iyakar iyawarsa ke nan?"

"Za a rubuta cewa kana saurayi ka zana."

"Wa ke karatu a wurin kallo? Ƙafa za su gani."

Nan fa aka taru a kansa. Asumini ta ce in ya ƙi, ya nemi mai yi masa markaɗe. Kibwana ya ce, "Kai, Sarkin Banɗaki, je ka ko don jirgin, ana ba da abinci kyauta." Ni ma na sa baki, na ce, "Shemeji, shekara nawa kana damun mu da farin bango? Ga shi ya zo har bayan durom ɗina. Rufe ido a ɗaye, in ka dawo ka zana kura ɗari masu ƙafar sarauta." Ya ce shekara hamsin ƙafar nan na hana shi sakewa duk sanda ya zo wanke hannu, sai yanzu da ya gyara ta a ce a sake karya ta da magani? Masu akwati suka gaji suka zauna suka sayi shinkafa. Shayi ya huce aka sake ɗorawa, ana ta abu ɗaya.

Kurar tana nan a rumfata yanzu, a sama inda hayaƙi ba ya kai wa, ɓular kuma na toshe ta da kwano. Kwat ya koma wurin mai shi, Nairobi kuma ba ta ga Chande ba. Abin da ya kashe maganar ranar, Nyokabi ce ta durƙusa a gabansa ta kama hannun kwat ɗin, don hannunsa bai fito ba balle ta kama.

"Baba, ka gane mana. Ba a ce ba ka iya ba. Amma duniya wancan Chanden take nema, saurayin da ya zana ta."

Chande ya dube ta, ya wage baki yana dariya, dasashi a waje.

"To 'yata, je ki nemo shi ki kai shi Nairobi. Ni ma na daɗe ina cigiyarsa. In kin gan shi, ki ce ya dawo mini da haƙorana."